Hazo a Cikin Kwalba: Abin da Ke Dagula Barasar da Ta Kwana a Itacen Oak

Kwalba ce aka cika da yamma, garau da ita, launinta kamar na zuma, har in ka kara takarda a bayanta kana iya karanta rubutun. Aka ajiye ta a bakin taga, dare ya yi sanyi. Gari na wayewa sai ga ta ta dusashe kamar an ɗiga mata madara, can ƙasa kuma wasu farare-farare suna reto kamar zaren auduga. Wanda ya shafe wata takwas ko shekara guda yana jiran barasar nan ta nuna a cikin itacen oak, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne wahalarsa ta tashi a banza. Daga nan sai ya ruga neman matata.

Gaggawar nan ita ce kuskuren. Hazo alama ce da matsaloli biyar ko shida ke bayarwa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Akwai hazon da ke washewa da kansa cikin minti goma, akwai wanda ɗumin tafin hannu ke kora, akwai kuma wanda ke cewa kada kowa ya kai kwalbar nan baki. Don haka kafin a tace, sai an fara sanin da wanne ake magana. A sani kuma, tatar barasa da tururi a gida laifi ne a ƙasashe da dama in babu lasisi, Birtaniya na cikinsu, yayin da Niyu Zilan ta halatta wa mutum ya yi don amfanin kansa tun 1996. Amma kimiyyar abin ɗaya ce ko a ɗakin girki ko a babban kamfani, kuma ita ce dai ke dusar da turaren fesawa da jiƙon magani da aka haɗa da etanol, wato sinadarin da ke sa maye a cikin barasa.

Abu na farko da za a cire daga rai shi ne ruɓa. Giyar hatsi da ruwan inabi suna iya dagulewa saboda yis ko ƙwayoyin bakteriya, don ƙarfinsu bai kai ya kashe su ba. Barasar da etanol ɗinta ya kai kashi 40 cikin 100 kuwa babu ƙwayar da ke hayayyafa a cikinta. Duk abin da ka gani yana yawo a kwalbar, sinadari ne ko ɓarɓashi.

Na biyu kuma iska ce kawai. In aka zuba ruwa a kan barasa mai ƙarfi, haɗin yana ɗan yin ɗumi, yana kuma tsukewa, shi ya sa lita ɗaya ta ruwa da lita ɗaya ta etanol ba sa cika lita biyu. Iskar da ke narke a cikinsu sai ta fito a matsayin ƙananan kumfa, ruwan ya yi fari. Wannan farin daga ƙasa yake fara washewa yana hawa sama, kuma kafin ka je ka dawo ya tafi. Ba ya bukatar komai.

Wanda ya fi damun mutane, wanda kuma ya kama kwalbar bakin taga, shi ne hazon maiƙo. A nan ya kamata a ɗan zauna.

Barasar da aka tata a tukunya ba etanol da ruwa kaɗai ba ce. Lokacin da yis ke cin sukari a cikin tsimi, yana samar da wasu sinadarai masu kama da kitse, kuma wasunsu suna haɗuwa da etanol su zama abin da masana ke kira esta. Akwai masu gajeren jiki, su ne ke ba da ƙamshin 'ya'yan itace. Akwai kuma masu dogon jiki, masu jerin kabon 12 ko 14 ko 16, irin su etil loret da etil falmitet, waɗanda ke ba barasa kauri da santsi a baki. Waɗannan dogayen halinsu na mai ne: etanol yana riƙe su, ruwa yana ƙin su. Muddin etanol ya yi rinjaye a cikin kwalba, suna nan a narke, ido ba ya ganinsu. Abu biyu ne ke sassauta riƙon: ƙarin ruwa da sanyi. Da ɗaya ya zo, ko duka biyun, sai su tattaru su zama ɗige-ɗige ƙanana ƙwarai, waɗanda ba su yi nauyin da za su kwanta ba, amma sun isa su watsa haske. Wannan watsuwar hasken ita ce ido ke gani a matsayin hazo. In aka bar su a sanyi na kwanaki, sai su ƙara haɗa kai su zama wancan zaren auduga mai reto.

Masu yin wuski a Sikotlan sun daɗe da sanin inda iyakar take, wato wajen kashi 46 cikin 100. Sama da haka barasa takan jure sanyin ɗaki ba ta dusashe ba. Ƙasa da haka, musamman a kashi 40 da yawancin kwalaben kasuwa ke da shi, sanyi kaɗan ya isa. Shi ya sa in ka ga kamfani ya rubuta a jikin kwalba cewa bai tace wuskinsa da sanyi ba, duba lambar ƙarfin, sau da yawa 46 za ka tarar ko sama. Ba dace aka yi ba, lissafi ne. Ko ita ɗin ma, jefa mata ƙanƙara a kofi ka ga yadda za ta yi dishi-dishi, don ƙanƙarar ta kawo mata abokan gabarta biyu a lokaci guda. Masu shan uzo a Girka da raki a Turkiyya da fastis a Faransa kuwa wannan hazon suke nema da gangan: man da ke cikin ƙwayar anis ne ke fita da zarar an zuba ruwa, kofin ya koma fari kamar nono.

Gane hazon maiƙo ba ya bukatar ɗakin gwaji. Zuba kaɗan a ƙaramar kwalba, rufe, ka damƙe ta a tafin hannu na 'yan mintuna, ko ka tsoma ta a ruwa mai ɗumi. Kada a kusanci wuta da ita, tururin etanol yana kamawa nan take. In ta washe da ɗumi ta kuma dawo da hazonta bayan ta kwana a firij, maiƙo ne. Gwaji na biyu ya fi wannan yanke hukunci: ɗiga mata barasa mai ƙarfi, irin wadda ba a sirka ba, kana girgizawa. Na sha kallon wannan, kuma har yau yana burge ni yadda farin ke narkewa daga inda ɗigon ya faɗa, kamar an yaye labule. Abin da ya ƙi jin ɗumi, ya kuma ƙi jin ƙarin etanol, to ba maiƙo ba ne, sai a nemi wata hanya. A nan tocila ke da amfani. Kashe fitila ka haska kwalbar ta gefe. Hazon maiƙo yana nuna hanyar hasken a miƙe kamar hasken mota a cikin ƙura, abin da ake danganta wa masanin kimiyya John Tyndall. Ɓarɓashi kuwa ɗai-ɗai yake walƙiya, in ka juya kwalbar ya tashi, in ka bar ta kwana biyu ya koma ƙasa.

To, me ya sa kwalbar wani ke dusashewa ta wani kuma ba ta yi, alhali ƙarfinsu ɗaya? Yawanci amsar tana wajen yanka. Abin da ke fitowa daga tukunya kashi uku ne a bakin masu sana'ar: kai, tsakiya da wutsiya. Yayin da etanol ke raguwa a tukunya, zafi na hawa, sai sinadarai masu nauyi da maiƙo su fara biyo tururi. Wutsiyar takan zo da wari kamar na jiƙaƙƙen kwali, wani lokaci har ka ga mai yana kyalli a samanta. Kwaɗayin ƙarin rabin lita shi ke sa mutum ya bar wutsiya ta shiga tsakiya, kuma da yake a lokacin ƙarfin haɗin ya haura kashi 60, komai garau yake. Sai bayan watanni, ranar da aka sirka, asiri ya tonu.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kai ma yana kawo maiƙo. Wutsiyar tatar da ta gabata tana barin mai a jikin bututu, kuma tururin farko na sabuwar tata, da yake shi ne mafi ƙarfi, shi ke wanke shi ya sauko da shi. A kamfanonin wuski na Sikotlan akwai tsohuwar al'adar gwada wannan: a ɗebi abin da ke fitowa a farko a sirka da ruwa zuwa wajen kashi 46, in ya yi hazo ba a fara tara tsakiya ba, sai ya daina. Bututun da ba a wankewa tsakanin tata da tata yana iya ɓata aikin mai yanka da kyau.

Akwai kuma tumbatsa. In an cika tukunya fiye da kima ko an matsa mata wuta, tsimin yana yin kumfa ya hau bututu ya faɗo cikin abin da ake tarawa. Wannan hazon tun ranar farko ake ganinsa, ba ya jin ɗumi, kuma ba ya jin matata yadda ya kamata. Maganinsa a sake tatawa.

Sai itacen kansa. Baƙaƙen ɓarɓashi da ke kwance a gindin kwalba su ne suka fi tsoratar da sabon shiga, su ne kuma mafi sauƙi. Gawayi ne. Ana ƙona cikin ganga da gangan, dokar Amurka ma ta wajabta a ajiye wuskin burbon a sabon mazubin oak da aka ƙona cikinsa, kuma gawayin yana ɓantarewa. Takardar tace kofi ko tsumma mai tsabta ya isa ya kama shi. Haka garin katako da ke zuwa da gutsattsarin oak da masu yi a gida ke jefawa cikin tulun gilashi maimakon ganga. Ɗauraye su kafin a jefa yana rage rabin matsalar.

Amma itace yana ba da abin da takarda ba ta kamawa. Oak yana da nasa maiƙon da wasu sinadarai dangin sitirol, kuma etanol mai ƙarfi yana jawo su. Gwargwadon ƙarfin barasar da aka zuba, gwargwadon yawan abin da za ta jawo daga wannan ɓangaren. Kamfanoni suna da dalilinsu na tsayawa inda suke tsayawa: burbon ba ya shiga ganga da ƙarfin da ya wuce kashi 62.5, a Sikotlan kuma 63.5 aka fi sabawa da shi. Mai yi a gida da ya jefa oak cikin barasa mai kashi 75 ko 80, yana ganin zai gaggauta nuna, ya tara wa kansa hazon da zai bayyana ranar sirki. Ƙari a kan haka, gutsattsari suna da fuskar da ke taɓa ruwa fiye da ta ganga nesa ba kusa ba, kuma yawancin fuskar yankan ƙarshen itace ce, inda jijiyoyinsa ke buɗe. A ganga gefen katako ne ke fuskantar barasa. Ɗanyen itace ma ba ya yi. Masu haɗa ganga suna barin katakon oak a fili, ruwa da rana suna dukansa, shekara biyu ko uku, don baurinsa ya ragu. Katakon da aka tsinto a wajen kafinta kuwa, mai fenti ko gam ko maganin gara, bai kamata ya kusanci abin sha ba sam. Wasu ƙananan gangunan ado ana shafe cikinsu da kaki don kada su yi yoyo, kuma kakin yana narkewa a etanol ya fito da zarar an sirka.

Laka mafi taurin kai kuwa daga ruwan sirki take zuwa, kuma ita ce aka fi ɗora wa itace laifinta shi kaɗai. Itacen oak yana sakin wani asid da ake kira okzalik. Ruwan da ke barin farin ɓawo a gindin butar dafa shayi yana ɗauke da kalsiyam. In suka haɗu sai su zama kalsiyam okzalet, farin gari mai walƙiya da ke kwanciya a ƙasa, kuma shi ne dai abin da ke zama yawancin tsakuwar ƙoda. Ba ya narkewa da ɗumi, ba ya narkewa da ƙarin etanol. Abin haushinsa shi ne jinkiri: kwalba tana iya yin mako uku ko wata biyu garau, sannan a wayi gari a ga farin gari a gindinta. Ruwan kwalba mai tsada da aka rubuta wa ma'adinai a jiki ya fi ruwan famfo haddasa wannan a wasu lokuta, don ma'adinan su ne matsalar. Kamfanoni da ruwan da aka cire wa gishirin ƙasa suke sirki, kuma mai yi a gida ba shi da dalilin yin dabam: ruwan da aka tata da tururi, ko wanda ya bi ta matatar da ke cire ma'adinai.

Launi kuma magana ce dabam, a nan ne ya kamata gaba ya faɗi. In barasa ta yi shuɗi-shuɗi ko kore, jan ƙarfen bututu ne ya narke a ciki, yawanci saboda an bar shi da datti har ya yi koren tsatsa. In ta yi baƙi-baƙi ko toka bayan ta taɓa itace, baƙin ƙarfe ne ya haɗu da tanin na oak, sinadarin da ke ba itacen bauri. Wannan haɗin shi ne asalin tawadar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubutu da ita a Turai da Gabas ta Tsakiya, daga ƙullutun itacen oak da gishirin ƙarfe. Ƙusa ɗaya a cikin katako, ko murfi mai tsatsa, ya isa. Matata ba ta gyara ko ɗaya daga cikin biyun. Haka hazon da ya zo da warin roba: etanol mai ƙarfi yana cin tiyo da zoben roba da robar cikin murfin tulu, ya kwaso sinadaran da ke sa su laushi. Wannan ma yana washewa da ƙarin etanol, don haka yana iya yaudarar gwajin da na ambata a sama. Hanci ne ke raba gardama, da kuma tambayar abin da barasar ta taɓa tun daga bakin bututu har kwalba. Gilashi, ƙarfen da ba ya tsatsa da jan ƙarfe mai tsabta su ne abin dogaro. Wadda ta ci roba, ra'ayina a zubar.

Idan an tabbatar maiƙo ne, hanya uku ce. A bar barasar a kashi 46 ko sama, a huta. Ko a yarda da hazon, tunda ba ya cutarwa. Ko a tace da sanyi, kamar yadda kamfanoni ke yi: a fara sirkawa zuwa ƙarfin da ake so, a sanyaya zuwa wajen sifiri na ma'aunin Salsiyos ko ƙasa kaɗan, a bar ta kwana ɗaya ko biyu don ɗige-ɗigen su haɗu su yi girma, sannan a tace tana cikin sanyin. Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya tace kafin ya sirka bai cire komai ba, don maiƙon a narke yake. Wanda ya fito da tulu daga firij ya ɗora matata a kan tebur, ɗigo-ɗigo na awa biyu, shi ma aikin banza ya yi, don kafin rabi ya wuce ruwan ya ɗumama, maiƙon ya sake narkewa ya bi ta takardar. Dole matatar da mazubin su kasance cikin firij tare. Takardar kofi guda kuma ramukanta sun fi ɗigon hazo faɗi, sai an ninka ta ko an cusa auduga a wuyan mazurari.

Ni dai ban cika son wannan hanya ta uku ba. Maiƙon da ake wahalar cirewa yana cikin abin da ke ba barasar jiki a baki, kuma gardamar ko tacewa da sanyi na rage daɗi ta daɗe tsakanin masu yin wuski, har ta zama abin talla. Kamfani yana da uzuri, don kwalbarsa za ta bi ta rumbunan sanyi ta isa hannun mai saye da zai mayar da ita in ya ga hazo. Mai tulu biyu a ɗaki ba shi da wannan damuwar. Gawayin tace ruwa kuwa, wanda wasu ke ba da shawara, yana tafiya da launi da ƙamshin da aka yi watanni ana jira itace ya bayar.

Wani abu da ya zama dole a faɗa: garau ɗin barasa ba shaidar lafiyarta ba ne. Metanol, wanda ke makantarwa yana kuma kisa, ba shi da launi, ba ya hazo, kuma yana gaurayuwa da ruwa tsaf. Mililita 10 na tsantsarsa na iya lalata jijiyar ido. Dalma da ke fitowa daga tukunyar da aka liƙe da dalma, ko daga tsohon lagireton mota da wasu ke mayarwa abin sanyaya tururi, ita ma ido ba ya ganinta. Kwalba mai hazon maiƙo tana iya fin mai sheƙi kamar lu'ulu'u aminci sau dubu. Babu gwajin tocila ko na tafin hannu da ke faɗin komai a kan waɗannan biyun.

Saura yadda ake sirki, wanda a nan ne yawancin hazo ke samun ƙofa. Lita ɗaya mai kashi 63 tana komawa wajen lita 1.37 in za a kai ta 46, ko kusan lita 1.58 in za a kai ta 40. Zuba duk wannan ruwan a karo guda yana sa wasu sassan tulun su faɗi ƙasa da ƙarfin da ake nufi na ɗan lokaci, maiƙo ya fita a wurin, kuma ba kullum yake komawa da sauri ba. Masu yin konyak, wata barasar inabi, a Faransa a hankali suke sauko da ƙarfin barasarsu, mataki-mataki cikin watanni, wasu ma da ruwan da aka riga aka haɗa da 'yar barasa ya kwana a ganga. A gida ana iya kwaikwayon haka da raba ruwan kashi huɗu ko biyar, kwana biyu tsakanin kowanne, ruwa da barasa suna da ɗumi ɗaya, ana juyawa. Kafin a taɓa babban tulu kuma, a ɗebi mililita 100 a raba uku, a sirka ɗaya zuwa 46, ɗaya 43, ɗaya 40, a rubuta a jikinsu, su kwana a firij. Da safe za a ga inda iyakar wannan barasar take, don ta kowa da tata. Bayan an sirka babban tulun, a bar shi a rufe mako uku ko huɗu kafin a zuba a kwalabe, don in akwai farin garin da zai kwanta ya kwanta a gindin tulun, a tsiyaye na sama a bar shi a can.